Haƙoran Gwamnati

Shekara goma sha tara ke nan da tsani ya zame da wani mai fenti a bayan wani bene, ya sauko da baki a kan gefen bokiti. Ya miƙe da ƙafafunsa lafiya lau, amma haƙoransa shida na gaba suka ce su a nan za su zauna, huɗu na sama, biyu na ƙasa. Tun daga ranar unguwa ta raɗa masa suna Giɓi, sunan kuma ya bi shi har ya manta yadda ake amsa na yanka.

Fenti ne ke ciyar da gidansa, amma waƙa ce a ransa. Yana da wata tsohuwar jita mai tabon shuɗin fenti a wuya, kuma duk Asabar da la'asar yakan zauna a kan benci a ƙofar shagon mai aski ya kaɗa, ya rera. Murya kam Allah ya ba shi. Masu wucewa kan tsaya da kaya a ka, wanda aka yi wa rabin aski kan leƙo da kumfa a ƙeya. Matsalar ɗaya ce. In yana magana a tsanake, wanda ya saba da shi yakan gane. Amma da zarar ya rungumi jita, sai kalmomin su narke, su bi ta giɓin su fito kamar iska ta tagar da ba gilashi. Ba wanda ya taɓa jin baiti ɗaya cikakke, sai kowa ya cike gurbin da abin da ransa ke so.

Matarsa tela ce, fara, 'yar gajeriya, shi kuma Gimbiya yake ce mata. Akwai wata waƙa mai sanyi da ta tabbata tata ce, don da kunnenta take jin yana cewa, “Farar mace, ba kya kama da kowa.” Duk sanda ya ɗauko ta sai ta tsayar da keken ɗinki ta rufe fuska da gefen mayafi. Yayanta, tsohon direban babbar mota da yara ke kira Kawu har kowa ya bi, shi ma yana da tasa: “Direba sarkin hanya.” In ana yin ta yakan gyara zaman hula ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wata mai zafin kiɗa da ba wanda ya damu da ma'anarta, ana dai ce mata Hokali-hokali, a yi ta rawa. In aka tambayi Giɓi me yake faɗa a waƙoƙinsa, amsarsa ɗaya ce: “Abin da ka ji, shi ne.”

Babbar 'yarsu tana aiki a shagon buga takardu. Tun tana ƙarama ba ta ganin layin da ba a cike ba ta ƙyale shi, shi ya sa ake ce mata Akawu. Wata rana wani makaɗi ya kawo fom a yi masa kwafi, ta karanta tana jiran inji ya yi zafi, ta ga na tallafin gwamnati ne ga masu fasaha: alawus duk wata har shekara guda, da katin asibiti. Ta buga kwafi biyu, ta taho da ɗaya gida.

“Baba, sa hannu a nan.”

“Me na saya?”

“Ba ka sayi komai ba. Gwamnati ce za ta taimaka maka ka yi waƙa.”

“Gwamnati ta iya jita ne?”

“Sa hannu dai, Baba. A nan, ba a kan hotonka ba.”

Ya sa hannu ya manta. Bayan wata huɗu sai ga saƙo a waya, sai ga kati mai hotonsa, baki a rufe gam. Akawu ta juya bayan katin ta karanta ƙananan rubutun da ba mai karantawa, ta ɗago kai a hankali ta ƙura wa bakin ubanta ido.

“Baba, har da haƙori.”

Likitar haƙori ta cusa masa wani abu kamar kwaɓaɓɓiyar fulawa a baki ta ce ya cije. Ya ce da me? Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Bayan mako biyu ya koma, ta ɗauko haƙora shida farare a jere a kan wani ɗan faranti, ta maƙala masa, ta miƙa masa madubi. Giɓi ya daɗe yana kallon mutumin da ke ciki. Sannan ya ce, “Sassafe.” Ya saurara. Ya ce, “Tsattsafi. Sassaƙa. Sha shida.” Kowace kalma ta fito da kaifinta kamar sabuwar reza.

A ƙasa ya tako zuwa gida don kada a ɓoye haƙoran a cikin mota. Ya gaida mai faci, ya gaida mai kanti, ya gaida wani ɗan sanda da bai sani ba, ya yi wa wata akuya murmushi. A bakin hanya ya sayi gasasshiyar masara, abin da rabonsa da shi tun Akawu na goye, ya tsaya a tsakiyar titi yana gaguya yana lumshe ido. Da ya iso shagon mai aski ya yi sallama, mai aski bai gane shi ba, ya amsa ya ce, “Bismilla, Alhaji, akwai mutum biyu a gabanka.”

Gimbiya kuwa tana ganinsa ta saki almakashi.

“Malam, rufe. Ka yi kama da mai tallan man goge baki.”

“Ba zan rufe ba. Na gwamnati ne, kowa yana da haƙƙin gani.”

Mako guda cur bai rufe ba. Ya daina zuwa ƙofar mai aski, wai yana shiri. Shirin kuma a gaban madubin ɗaki yake yinsa, ƙofa a rufe, yana rerawa ƙasa-ƙasa yana kallon yadda haske ke sauka a kan na saman nan huɗu. Idonsa ne ke aiki, kunnensa na hutu. Ko sau ɗaya bai tsaya ya ji abin da bakin ke faɗa ba.

Ana haka ofishin tallafi ya aiko cewa wata jami'a za ta zo ranar Asabar ta ga yadda aiki ke tafiya. Gimbiya ta ce to ba a ƙofar mai aski ba, a gidanta za a yi. Aka share tsakar gida, aka kwashe galan-galan na fenti aka tura bayan tankin ruwa, aka aro kujerun roba daga maƙwabta. Ta ɗinka wa kanta sabuwar riga a kwana biyu, ta ɗora babbar tukunya. Kafin la'asar gidan ya cika, har kan katanga. Kawu ya zo da wuri ya kama kujerar gaba. Jami'ar ta iso da jaka da fayil, matashiya ce mai ƙaramar murya, aka ba ta kujera kusa da Gimbiya.

Giɓi ya fito cikin farar riga, ya yi murmushi, aka tafa wa murmushin. Ya gyara wayoyin jita, ya ce zai fara da mai sanyin nan. Gimbiya ta taɓa hannun jami'ar ta ce a hankali, “Wannan tawa ce, 'yata. Tun kafin a haifi autana.” Ta kama gefen mayafi ta shirya.

Muryar ta tashi garau, kowane harafi a wurinsa.

“Farar ƙasa, ba kya kama bango,
na shafa ki sau uku, kina zuba.
Mai gida yana tsaye yana kallo,
farar ƙasa, kin ba ni kunya.”

Hannun Gimbiya ya tsaya a rabin hanya. Wata maƙwabciya ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Giɓi ido a rufe, ya shiga baiti na biyu, wanda ya yi bayani filla-filla a kan yawan ruwan da ya kamata a zuba a bokiti. Matan da suka shekara suna share hawaye a daidai wannan wurin suka dubi juna.

Da ya kai ƙarshe ya buɗe ido yana jiran tafi, sai ya ga matarsa a tsaye.

“Malam, bango?”

“Na'am?”

“Shekara goma sha tara ina tsayar da ɗinkin mutane ina rufe fuska, ashe bango ake yi wa waƙa.”

Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya kai hannu bakinsa ya taɓa haƙoran kamar wanda ya kama ɓarawo a cikin gidansa. Dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya. Mai aski ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa. Jami'ar ta ɓoye fuska a bayan fayil, fayil ɗin na karkarwa.

Kawu ya buga sandarsa a ƙasa. “Ke ma da neman magana. Mutum ya yi wa sana'arsa waƙa, laifi ne? Ƙanena, rabu da ita. Yi tawa a wanke kunne.”

“Yaya, wayar nan ta saki, bari in…”

“Ba abin da ta yi. Yi tawa.”

“Yi masa, Malam,” in ji Gimbiya, ta koma ta zauna ta harɗe hannu. “Yi masa mu ji.”

Giɓi ya yi ƙoƙarin tauna kalmomin yadda ya saba, amma haƙoran gwamnati ba su san wannan aikin ba.

“Direba sarkin hamma,
hancinsa ya san sauke tukunya.
Ba ya zuwa da safe, ba ya zuwa da yamma,
sai an ɗaga murfi ka ji sallama.”

Waɗanda ke kan katanga suka ɗauki amshi tun kafin a koya musu. Kawu ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya ce shi ba a taɓa yi masa irin wannan ba, kuma ƙafarsa ta bar gidan nan har abada. Ya taka zuwa ƙofa da girmansa. Daidai nan Akawu, wadda ba ta san inda aka kwana ba don tana kicin, ta ɗaga murfin tukunya. Ƙamshi ya zagayo tsakar gida. Kawu ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Ya yi ɗan tunani. Ya ce ba don kowa ba, sai don baƙuwar gwamnati, kada ta ce ba a da haɗin kai a gidan, ya dawo ya zauna. Wannan karon har Gimbiya sai da ta kifa kai a cinya.

“A yi Hokali-hokali,” wani ya ce daga baya. “Ita dai ba ta da ma'anar da za ta ɓaci.”

Giɓi ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa. “A bar ta,” ya ce.

“Wa ka zaga a ciki?” in ji mai aski. “In ni ne, gara in ji yau.”

Aka matsa masa. Ya ja numfashi ya saki kiɗan, mai zafin nan, matasa suka ture kujeru suka shiga fili.

“Cokali-cokali ta ba ni,
kwana arba'in, ba ta ce ta gaji ba.
Tana hura mini shayi ya huce,
tana ce mini kyakkyawa,
ni da baki kamar ƙofar kango.
Cokali-cokali ta tashe ni.”

Masu rawa suka rage sauri, ɗaya bayan ɗaya suka tsaya, wani da ƙafa ɗaya a sama. Akwai baitin da ya faɗi yadda take tace miya da ƙyalle don kada wani abu ya taɓa ɗinkin dasashinsa. Akwai wanda ya faɗi yadda ta juya madubin ɗaki ya kalli bango har ya warke. Gimbiya ba ta rufe fuska ba. Ta zauna baki buɗe.

“Wannan haukar?” ta ce da ya gama. “Wadda nake cewa a rage mata sauti ina ɗinki?”

“Ita.”

“Shi ne ba ka taɓa faɗa mini ba?”

“Kullum Asabar ina faɗa miki.”

Ta tashi ta shige kicin. Aka ji ƙarar kwanoni, aka ji an fyace hanci, aka ji wata 'yar dariya. Ta fito ido jajir, ta ja kujerarta har gwiwarta na taɓa tasa.

“Sake yi. A hankali. Ku kuma duk wanda ya yi rawa ba zai ci abinci ba.”

Sau huɗu ya yi ta. A na huɗun ita da kanta ta karya dokar.

Bayan an ci an sha, jami'ar ta buɗe fayil ta ce akwai tambaya ɗaya da dole a amsa. Ta karanta: shin tallafin ya inganta waƙar mai fasaha? Akwati biyu ne, e da a'a.

“E,” in ji Akawu. “Yanzu ana ji.”

“A'a,” in ji mai aski. “Da can waƙar tawa ce. Ni a mai sanyin nan mahaifiyata nake ji, Allah ya jiƙanta. Yanzu an ƙwace an ba bokiti.”

“Ki rubuta cewa gwamnati ta shiga tsakanin 'yan'uwa,” in ji Kawu, yana suɗe ƙashi.

“Ki sa e a ɗaya, a'a a ɗaya,” in ji Gimbiya. “Ta farko sun ɓata mini, ta ƙarshe sun biya ni.”

Jami'ar ta juya ga mai gayya. “Baba, kai me ka ce?”

Giɓi ya sosa ƙeya. “'Yata, waƙoƙin nan yadda suke jiya haka suke yau. Ni dai abin da na sani, daga yau ba ni da wurin ɓuya.”

Ta rubuta wannan a gefen takarda. Ta rubuta na mai aski a ƙasansa, na Kawu a bayan shafi, wuri ya ƙare, Akawu ta kawo mata farar takarda biyu. Akwatunan nan kuwa haka ta tafi da su ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta ce shugabanta ya zo ya ji da kunnensa.

Wahalar ta fara ne ranar Talata. Saboda alawus ɗin, Giɓi ya ajiye buroshi kwana uku a mako, ya sayi littafin rubutu, ya zauna a ƙofar ɗaki da jita zai yi sabuwar waƙa. Da can kafin shayi ya huce ya gama ɗaya, don duk kalmar da ta zo baki ta yi, ba mai bincike. Yanzu kowace kalma sai ta tsaya a gaban jama'a da fuskarta. Ya rubuta layi, ya rera, keken ɗinki ya tsaya.

“Wannan kalmar ba ta zauna ba.”

“Ke tela ce ko mawaƙiya?”

“Na san abin da bai zauna ba. Warware.”

Mako uku ya yi a kan layi huɗu. Ya rame, ya yi ƙorafi, ya ce fenti ya fi sauƙi, bango ba ya mayar da magana. Amma ranar da ya kai layukan nan ƙofar mai aski, wata mai sayar da lemo ta roƙe shi ya maimaita don ta haddace, abin da ba a taɓa roƙonsa ba tunda yake.

Labari ya bazu, gayyata ta ƙaru, ta kuma rabu biyu. Akawu ce ke ɗaukar waya, kuma ta koyi tambaya tun kafin a yi nisa: “Da haƙora kuke so ko babu?” Masu taron rawa da tsofaffin abokan mai aski sukan ce babu. Sai Giɓi ya je da ɗan kofinsa mai murfi, ya juya baya, ya cire, ya juyo ya ba su abinsu yadda suka saba, kowa ya ji abin da yake so. Masu son zama su saurara sukan ce da su. Akwai wani shugaban makaranta da ya ce rabi da rabi.

Kawu ya yi kwana tara bai leƙo ba. A na goma ya zo da hantsi, lokacin da ko wuta ba a kunna ba, don kowa ya shaida ba abinci ne ya kawo shi ba. Ya ja kujera ya zauna gaban Giɓi ya ɗora sanda a cinya.

“Tunda yanzu ana jin abin da kake faɗa, za ka yi mini ta gaskiya. Ɗauko littafin.”

Giɓi ya ɗauko don a zauna lafiya. Kawu ya fara ba da labarin ranar da birki ya tsinke masa a kan gangaren dutse, mota cike da siminti, kasuwa na ci a ƙasa. Labarin da ya sha bayarwa ne, amma kullum a kan abinci, ba mai saurare. Ya faɗi yadda ya riƙa sauke giya ɗaya bayan ɗaya yana jin ƙarfe na kuka, yadda ya goga gefen motar a jikin dutse da gangan har wuta na tashi, yadda ta tsaya taku kaɗan daga rumfar wata mai tumatir, matar ta ɗago kai ta tambaye shi na nawa zai saya. Ya ce da ya sauko, sai ya zauna a kan taya ya sayi tumatir ɗin.

Keken ɗinki ya daɗe da tsayawa. Giɓi ya ajiye biro ya jawo jita, ya nemo wani kiɗa mai gangarowa, yana sauri yana ƙara sauri.

“Taya goma a kan dutse…”

“Sha huɗu,” in ji Kawu.

“Yaya, sha huɗu ba ta shiga kiɗan.”

“Motar sha huɗu gare ta. Ni na tuƙa ta.”

“Ba wanda zai ƙirga.”

“Da can ne ba mai ƙirgawa. Gyara kiɗan.”

Giɓi ya dubi Gimbiya neman agaji. Ta zare zare daga baki ta ce ita ma sha huɗu ta ji. Ya yi tsaki, ya murɗa waya ta uku, ya koma farko.